Birkin Motar da Za Ta Kai Lorraine Coci

Bacup, Lancashire
4 ga Mayu, 1987

Yaya Clifford,

Gaisuwa mai yawa daga ni da Edna. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya kai da Iris, kuma kunnen bai ƙara toshewa ba. Mu nan ƙalau muke, in ban da gwiwata ta hagu da ke sanar da ni zuwan ruwa kafin rediyo ta faɗa. Edna ta rabu da tarin da ya kama ta tun Ista.

Da kana jin waya da na buga maka tun ranar Lahadi, don maganar ta fi ƙarfin takarda. Lorraine za ta yi aure! Jikata, 'yar Maureen, wadda ka bari bara tana koyon aikin jinya. Sunan yaron Graham, direban bas ne, ga kunya ga cin abinci, Edna har ta fara sonsa saboda ba ya barin komai a faranti. An sa rana, Asabar sha biyu ga Satumba, a cocinmu na gindin tudu. Tunda ubanta ya rasu, ni zan riƙe hannunta in kai ta gaban fasto.

Amma ba wannan ne ya hana bakina rufuwa ba. Ta same ni a gareji ina kwance ƙarƙashin motar, ta shuri tafin takalmina ta ce, "Tsoho, fito mu yi magana." Na fito. Ta ce, "Ba na son doguwar motar hayan nan mai kama da ta kai gawa. A wannan za ka kai ni." Na ce, "Ke, ba ta da rufi, ba ta da ƙofa, kujera biyu ce tak. Rigar amarya ina za ta shiga?" Ta ce, "Riga matsalata ce. Kai dai ka sa ta tashi." Yaya, shekarata sittin da bakwai, na tsaya ina share ido da tsumman mai.

To ga inda raina yake ɓace. Ka san yadda motar nan ta iso shekara biyu da suka wuce, cikin akwatuna goma sha ɗaya, da littafin haɗawa wanda ko wanda ya rubuta shi ban yarda ya taɓa riƙe sifana ba. Sun ce mutum ɗaya zai haɗa ta cikin wata uku a garejin gidansa. Ramukan da suka huda a jiki ba su dace da na ƙashin motar ba, sai da na sake huda arba'in da ɗaya. Littafi ya ce jar waya, a akwati babu jar waya ko ɗaya. Duk na haɗiye. Injin tsohuwar motar da muka farke tare ya tashi a watan Maris, ƙararsa har karen maƙwabta ya shige ƙarƙashin gado. Fitilu na kamawa. Giya na shiga sumul.

Birki ne ya ƙi. In na taka, ƙafata na nutsewa har ƙasa kamar na taka dakakken dankali. Sai na yi ta bugawa sau huɗu kafin ya ɗan kama. Ba kuwa za a ba ni takardar hawa titi ba sai ta ci gwaji, kuma ka san gangaren da ke tsakanin gidan nan da coci.

Kai ka ɗaura birkin gaba da hannunka lokacin da ka zo bara. Gaya mini abin da zan yi. Ka amsa da wuri, ta jirgin sama.

Ƙanenka,
Wilf

Whyalla, Ostireliya ta Kudu
19 ga Mayu, 1987

Wilf,

Mun gode da gaisuwa. Iris lafiya, tana ta murna, har ta fara saƙa wani abu da ban san ko mene ne ba. Ni kunne sai abin da ya ci gaba, shekara talatin na dukan ƙarfe a ma'aikatar jiragen ruwa ba su tafi a banza ba. Sanyi ya fara shigowa nan. Ka sumbaci Lorraine a madadina. Likita ya hana ni doguwar tafiya bana, don haka sai dai hoto.

Maganar birki ba wata magana ba ce. Iska ce a cikin bututun mai. Mai ba ya matsuwa, iska tana matsuwa, shi ya sa ƙafarka ke nutsewa. Ka kwance ɗan notin fitar da iska na kowace taya, wani yana taka birki, har mai ya fito babu kumfa. Ka fara da tayar da ta fi nisa da sitiyari. Ka sa Edna ta karanta maka shafin birki a littafin, layi bayan layi, kada ka yi da ka.

Aikina na gaba kuwa kada ka taɓa shi. Na ɗaura birkin da ya fi gidanka nauyi, ban taɓa jin ƙorafi ba. Tun ranar da ka aiko mini da tallar motar nan na ce maka ka sayi wadda aka gama haɗawa, ka ce kai sai ka gina taka. To gina.

Yayanka,
Clifford

Bacup
2 ga Yuni, 1987

Clifford,

Muna lafiya. Ina fata kuna lafiya. Na gama gaisuwa.

In sa Edna ta karanta mini? Sau uku na karanta layin nan, da idona, da kaina, ba wanda ya taya ni. Ashe har yau kallon da kake yi mini ke nan. Bari in tuna maka, tunda nisa ya sa ka mantuwa. Da Baba ya kwanta ciwo, ɗayanmu ne zai bar makaranta ya shiga masaƙa, kuma ba kai aka cire ba. Kai ka zauna ka gama, ka koyi sana'a, ka hau jirgi ka tafi. Ni ina da shekara arba'in da tara na koma aji, ranakun Talata da Alhamis bayan an tashi daga aiki, ina zaune kan kujerar yara gwiwata na dukan tebur, shekara huɗu cur. Kowace takarda da ka samu daga gare ni tun lokacin, hannuna ne ya rubuta ta. Littafin motar nan shafi ɗari da sittin ne, na karanta shi har ya rabu gida biyu. Sai yau za ka ce a karanta mini?

Kuma abin da ka rubuta, ka ɗauka ban sani ba? Na fitar da iska sau biyar kafin takardarka ta zo, sau uku bayan ta zo. Edna ce ke taka mini. Tana zaune a ciki da rigar girki, ni ina ƙasa ina ihu, "Taka! Riƙe! Saki!" Jiya ta ce, "Wilf, shekara arba'in da huɗu da aurenmu ban taɓa jin ka ba ni umarni da yawa haka ba, kuma ƙafata ta mutu." Mai yana fitowa garau, babu kumfa ko ɗaya. In sauke motar in taka, dakakken dankali.

Na canza famfon birki ɗungurungum. Na bi bututu tun daga gaba har baya da fitila ina neman yoyo, babu. Na rubuta wa masu motar, suka amso da layi biyu cewa ɗaruruwan mutane sun haɗa ta ba su sami matsala ba. Na mayar musu da shafi huɗu, ban bar komai a ciki ba.

Ranar Alhamis na ɗora ta a tirela na kai wa Pilling mai gwaji, ina fatan ko na'urarsa za ta ga abin da ban gani ba. Ya shiga da ƙyar, da tumbinsa, ya taka sau ɗaya, ya dube ni ya ce, "Wilf, wannan ba birki ba ne, wurin hutar da ƙafa ne." A gaban mutane uku ya faɗa.

Na duba komai a motar nan sai abu ɗaya, wanda aka ce kada in taɓa. Ga hoto nan na sa maka, na cire tayoyin gaba don ka ga aikinka da kyau, babban injiniya. Ka ajiye shi. Shawara kuma ta ishe ni haka, ba sai ka wahalar da kanka da amsa ba.

Wilfred Ormerod

Bacup
30 ga Yuni, 1987

Clifford,

Lafiya muke. Takardarka ta zo jiya. Ga ta nan na mayar maka a rufe yadda ka liƙa ta, ban buɗe ba, tunda Edna ba ta kusa balle ta karanta mini. Ta jirgin ruwa na aiko da wannan, don babu gaggawa.

W.

Bacup
9 ga Agusta, 1987

Yaya Clifford,

Gaisuwa. Ina fata Iris lafiya. Edna lafiya, amma ta daina shiga gareji. Gwiwata ta kumbura saboda durƙuso a siminti.

Sati shida ke nan ko layi ɗaya. Na san na ce kada ka amsa, amma tun yaushe ka fara jin maganata? Mutum yana can ƙarshen duniya yana shan iskar teku, ƙanensa na nan yana nutsewa, ko ya tambaya.

Motar ta sake faɗuwa gwaji ranar Talata. Wannan karon Pilling bai yi ba'a ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya dafa kafaɗata ya ce in kawo ta a hankali bayan biki.

Yau Maureen ta zo cin abincin rana ita da Lorraine. Ta jira sai da aka kawo naman sannan ta ajiye cokali ta ce, "Baba, na yi magana da masu motar haya." Na ce wa ya aike ki? Ta ce, "Ba wanda ya aike ni. Na binne uban yarinyar nan, ba zan tsaya a ƙofar coci ina kallon ka gangaro da ita cikin kwandon ƙarfe marar birki ba." Na ce, "Kwando? Shekara biyu na rayuwata kike ce wa kwando?" Ta ce, "To baho. Zaɓi wanda kake so." Edna ta ce mu bari naman ya wuce tukuna. Ba wanda ya saurare ta. Na buga tebur, miya ta zube a kan sabon mayafin tebur, Maureen ta ce, "Ka gani? Ko kai ma ba ka da birki."

Lorraine ce ta raba mu. Ta ce, "Mama, ki ba shi zuwa Juma'a huɗu ga Satumba. In ya kawo takardar Pilling, motarsa zan hau. In bai kawo ba, zan hau taki, ba zan ce komai ba." Maureen ta yarda. Da za su tafi yarinyar ta leƙo gareji ta ce, "Tsoho, ko a ƙafa ne ai kai za ka kai ni." Lallashina take yi, Yaya. Jikar da na koya wa hawa keke ce yau take lallashina kamar mai jinya.

Gaskiyar Maureen ce, shi ya sa nake jin kamar in fasa wani abu. Da birkin nan ko buhun dankali ba zan ɗauka in gangara tudun nan ba, balle Lorraine.

Na fitar da iska sau goma sha huɗu. Na canza robobin bututu. Na ɗaga gaban motar sama, na ɗaga bayanta, na bar bulo a kan birki kwana biyu kamar yadda wani a ƙungiyar masu irin motar ya ce. Ban san abin da ya rage ba. Ba roƙonka nake yi ba. Gaya maka nake, don ka san abin da ka bar mini.

Wilf

Whyalla
20 ga Agusta, 1987
(a bayan katin hoto, babu ambulan)

Wilf, lafiya muke. Ga kati, in ka isa ka mayar da shi ba ka karanta ba. Takardata ta Yuni ta dawo mini shekaranjiya a rufe, taka ta Agusta ta biyo ta yau. Sati takwas ina zaune ina cewa ai ya gyara, girman kai ne ya hana shi godiya! Amsar tana ciki, wawa. Dubi hotonka. Muƙamuƙan da ke cizon faifan birki, BAƘAƘE na bar su, a hoto JAJAYE ne. Wa ya kwance su ya yi musu fenti? Ya mayar da na hagu a dama, na dama a hagu, sun kife. Notin fitar da iska ya koma ƘASA. Iska sama take hawa! Ka shekara kana zubar da mai, ba za ta fito ba. Musanya su, noti a SAMA. Edna kuwa cewa na yi ta karanta maka saboda kana kwance ƙarƙashin mota hannunka duk mai, haka Iris ke yi mini. Ban taɓa mance wanda aka cire daga makaranta ba, ko kwana ɗaya. C.

Bacup
14 ga Satumba, 1987

Yaya Clifford,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ka da Iris, daga ni da Edna da Maureen da amarya da ango. Kowa lafiya. Gwiwata ta ƙi lanƙwasuwa tun ranar Asabar, ko a jikina. Abin da Iris ta saƙa ya iso, mun yi shawara mun yanke cewa rigar butar shayi ce.

Bari in fara da ɓacin rai, don har yanzu da saura. Katinka ya kwana tara a hanya. Derek mai kawo wasiƙa bai sa shi a akwati ba, ya tako har bakin gareji yana riƙe da shi nesa da ido, ya ce, "Malam Wilf, wai an ce iska sama take hawa." Na ce ba ni kayana. Ya ce, "Tsaya, akwai wani wuri da aka ce wawa, ban gane da wa ake ba." Kafin azahar duk layinmu sun ji. Matar da ke sayar da jarida ta tambaye ni ko noti ya koma sama. Wannan tonon silili ne, kuma da gangan ka yi.

Na shiga na durƙusa na leƙa. Ga notin nan a ƙasa, hagu da dama, yana kallon siminti. Sau goma sha huɗu ina kwanciya ina kwance shi a wurin nan, har ina jin daɗin yadda sifana ke kai masa da sauƙi. Na zauna a ƙasa na daɗe. Edna ta zo da shayi, ta karɓi katin ta karanta, ta ce, "Ranar da ka yi wa muƙamuƙan nan fenti ka shanya su a kan jarida a ɗakin girkina, ban ce ka sa wa kowanne alama da alli ba? Ka ce ai tagwaye ne." 

Musanyawar ba ta kai awa ɗaya ba. Na roƙi Edna ta shiga ta taka mini sau ɗaya na ƙarshe. Da na kwance notin, sai da ya yi tusa kamar tsohon doki, kumfa na ta fita. Na ɗaure. Ta ce, "Wilf, abin ya ƙi takuwa, ka ɓata shi." Na ce sauko in gani. Na taka. Dutse, Yaya. Dutse! Na yi ihun da ya sa ta zubar da shayin.

Pilling bai da wuri sai Alhamis uku ga wata, kwana ɗaya kafin wa'adin Maureen. Ya hau, ya taka a kan na'ura, ya sauka ya zaga motar sau biyu yana neman abin da zai ce, bai samu ba. Ya sa hannu. Ban tsaya gida ba, na tuƙa ta kai tsaye zuwa wurin aikin Maureen, na ajiye mata takardar a kan tebur. Ta karanta har ƙasa, ta ce, "Ni zan fara hawa." Ranar Juma'a na gangara da ita tudun sau uku, tana riƙe da hularta tana cewa, "Tsaya nan! Yanzu tsaya nan!" A na ukun ta ce in ɗan ƙara wuta.

Asabar aka tashi da yayyafi, ya ɗauke ƙarfe goma. Sai da mata uku suka cusa rigar Lorraine cikin motar, ta taru har haɓarta, Edna ta ɗaure mata lulluɓin da ɗankwalinta don kada iska ta tafi da shi. Duk layi sun fito. Derek ya cire hula. Muka kama gangare ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, ƙafata a kan birki, ta juyo ta ce, "Tsoho, shekara biyu ka yi kana gina wannan don ka yi tseren kunkuru? Graham zai zaci na gudu." Na sake mata kaɗan daga kwanar gidan burodi. Ta yi ta ƙyalƙyala dariya, irin wadda take yi tana 'yar shekara biyar. A ƙofar coci na taka, motar ta tsaya cak a gaban takalmin fasto.

Amarya ta fita tsaf. Ni ne na kasa. Gwiwa ta ƙage, motar kuma ka san a ƙasa take kamar tabarma. Sai da ango ya fito daga cikin coci, shi da abokinsa, suka ciro ni ta hammata, jama'a na tafi. Haka na riƙe hannunta na kai ta gaba ina ɗingishi, ina kuka, ban ɓoye ba. Hotuna na nan tafe, ta jirgin sama.

Yanzu sauran magana biyu. Na rubuta wa masu motar layi biyu na janye shafi ɗaya daga cikin huɗun nan, sauran ukun suna nan daram. Takardarka ta Yuni kuma ka sake aiko mini da ita yadda take, a rufe. Ina so in buɗe ta da kaina.

Birkin da ka ɗaura daidai yake. Ni na kwance su, ni na yi fentin, ni na juya su. Na rubuta da hannuna, ka adana takardar da kyau, don ba zan sake faɗa ba.

Ƙanenka,
Wilf